Waiwaye: Yadda aka daɗe ba a saka nakasa a lissafin talauci ba

A harabar hedikwatar Hukumar Lafiya ta Duniya da ke Geneva akwai mutum-mutumin wani yaro riƙe da sanda yana yi wa makaho jagora. Akwai irinsa a ginin Bankin Duniya a Washington. An kafa su ne domin tunawa da yaƙin da aka yi da makantar da cizon wani ɗan baƙin ƙuda na bakin kogi ke jawowa. Wanda ya tsaya ya dube shi da kyau zai ga mutum biyu ne abin ya ci, domin babban ya bar gona, yaron kuma ya bar makaranta.

Wannan cuta tana cikin abubuwan da suka fara nuna wa masu tsara tattalin arziki cewa nakasa da talauci tafiyarsu ɗaya. A 1972 shugaban Bankin Duniya na lokacin, Robert McNamara, ya ziyarci ƙasar da a yau ake kira Burkina Faso, ya ga ƙauyukan da makanta ta yi wa katutu. A wasu garuruwan Afirka ta Yamma kusan rabin mazan da suka haura shekara 40 sun makance. Mutane suka riƙa gudu daga fadamu masu albarka suna komawa kan tudu inda ƙasa ba ta da ƙarfi, don haka har waɗanda idonsu ke garau yunwa ta same su. Shirin yaƙi da cutar da aka fara a 1974 ya kai har 2002 a ƙasashe 11, kuma ya sa hekta kusan miliyan 25 ta sake nomuwa. Sai dai hankalin shirin yana kan hana sabuwar makanta. Wanda ya riga ya makance, shi da ɗan jagoransa, ba su ne abin lissafi ba.

Haka tunanin yake tun da daɗewa. Dokar talakawa ta Ingila ta 1601 ta ware marasa ƙarfin aiki a matsayin waɗanda suka cancanci taimako, kuma a mafi yawan al'ummomi an bar mai nakasa ne a hannun dangi da masu sadaka. Daga baya likitoci suka karɓi ragamar, aka riƙa kallon nakasa a matsayin lalurar jiki da za a gyara in ta gyaru. A duka biyun ba a tambayar dalilin da ya sa gurgu mai kaifin basira ba ya makaranta, ko kurma mai sana'a ba ya samun rance.

Masu nakasar ne da kansu suka kawo wannan tambaya, tunda mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A tsakiyar shekarun 1970 wata ƙungiyarsu a Birtaniya ta ce rauni a jiki daban, shingen da jama'a ke gindayawa daban: matakalar da keken guragu ba ya hawa, ajin da babu mai maganar hannu, ma'aikatar da ke mayar da takardar neman aiki da zarar ta ga sanda. A 1980, a wani babban taro a Winnipeg ta ƙasar Kanada, aka ƙi ba su rabin kujerun shugabanci a ƙungiyar da ke magana da sunansu, sai suka ware, suka kafa tasu ta duniya a Singapore a 1981. Shekarar ce kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe domin masu nakasa, aka biyo da shekaru goma na musamman daga 1983 zuwa 1992.

Duk da wannan, da shugabannin duniya suka amince da muradun ƙarni guda 8 a 2000, waɗanda na farkonsu shi ne rage tsananin talauci da rabi, ko sau ɗaya ba a ambaci nakasa a cikinsu ba. A ganina babban dalilin yana wajen ƙidaya. Shekaru da dama jami'in ƙidaya kan tsaya a ƙofar gida ne ya ce, "Akwai nakasasshe a gidan nan?" Maigida kuma, ko don kunya ko don a wurinsa tsohuwar da ba ta gani sosai tsufa ne kawai ke damunta, sai ya ce babu. Ƙasashe matalauta suka riƙa fitar da alƙaluma na kashi 1 ko 2 cikin 100, har ya zama kamar ƙasashe masu arziki sun fi su yawan masu nakasa. Brazil ta nuna inda gizo ke saƙar. Ƙidayarta ta 1991 ta samu ƙasa da kashi 2 cikin 100. A 2000 ta sauya tambayar, ta koma tambayar mutum ko yana shan wahala wajen gani, ji ko tafiya, sai adadin ya tashi zuwa kashi 14.5. A 2001 aka kafa rukunin masana ƙididdiga da ake kira Rukunin Washington, wanda ya fito da gajerun tambayoyi 6 a kan gani, ji, tafiya, tuna abu, kula da kai da fahimtar juna a magana. Babu kalmar nakasa a cikinsu ko ɗaya, kuma da gangan aka yi hakan.

Ma'aunin talaucin shi ma yana da tasa matsalar. Masanin tattalin arziki ɗan Indiya, Amartya Sen, ya yi bayanin cewa mai nakasa na fuskantar cikas iri biyu. Na farko kowa ya san shi: samun kuɗi ya fi yi masa wuya. Na biyun ne aka fi mantawa, wato ko da kuɗinsa ya zo daidai da na maƙwabcinsa, ba za su kai shi inda suka kai maƙwabcin ba. Shi sai ya ɗauki shatar abin hawa inda wani zai taka da ƙafa, ya sayi batirin na'urar ji, ya gyara keke, ya biya mai rakiya, ko wata a gidan ta ajiye sana'arta ta zauna da shi. Layin talauci da ake ja da dala kaza a rana bai san da wannan ba, sai ya lissafa gidan cikin waɗanda suka tsallake alhali suna ciki tsundum.

Daga nan abubuwa suka ɗan yi sauri. A 2002 Bankin Duniya ya naɗa Judith Heumann, wadda shan-inna ya kama tun tana jaririya, a matsayin mai ba shi shawara ta farko kan nakasa. A ranar 13 ga Disamba 2006 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar haƙƙin masu nakasa, ta fara aiki a Mayun 2008, kuma sashe na 28 ya yi magana ƙarara kan rage talauci da tallafin gwamnati. Rahoton haɗin gwiwa na Hukumar Lafiya ta Duniya da Bankin Duniya na 2011 ya ɗaga ƙiyasin yawan masu nakasa a duniya daga kashi 10 da ake ta maimaitawa tun shekarun 1970 zuwa kashi 15, sama da mutum biliyan 1. A 2022 hukumar ta ce biliyan 1.3 ne, mutum 1 cikin kowane 6, kuma kusan kashi 80 cikin 100 suna ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin samu. Muradun ci gaba mai ɗorewa na 2015 sun ambaci masu nakasa a ilimi, aikin yi, birane da tattara alƙaluma.

Bincike ya kuma gyara wata fahimta. Wani nazari na 2017 ya tattara bincike 150 daga ƙasashe masu tasowa, kashi 81 cikin 100 sun samu alaƙa tsakanin nakasa da talauci, amma alaƙar ta fi fitowa fili a ƙasashe masu matsakaicin samu fiye da mafiya talauci. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Inda babu makaranta, babu asibiti, babu aikin albashi, kowa a ƙasa yake. Ranar da aka gina makarantar da matakala, aka kawo motar haya mai tsayin ƙofa, sauran yara su wuce, mai nakasa ya tsaya. Asusun UNICEF ya ƙiyasta a 2021 cewa yara kusan miliyan 240 ne ke da nakasa, kuma yiwuwar ba su taɓa shiga aji ba ta fi ta sauran yara da kashi 49 cikin 100.

Wasu ƙasashe, irin su Afirka ta Kudu da Brazil, suna biyan masu nakasa marasa ƙarfi kuɗin wata-wata. Amma kafin a samu sai an je an tantance mutum, zuwa wurin tantancewar kuma kuɗin mota ne, sau da yawa na mutum biyu. Ta ɓangaren kayan taimako irin su tabarau, na'urar ji da keke, rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF na 2022 ya ce kusan mutum biliyan 1 da ke buƙatarsu ba su samu ba, kuma a wasu ƙasashe matalauta kashi 3 cikin 100 ne kacal na masu buƙata suke da su.