Wa zai auna abin da ke samun ƙasa bayan an sare daji?

Idan aka sare daji aka mai da shi gona, shekarun farko kowa murna yake yi. Sabuwar ƙasa ce, ganye ya daɗe yana ruɓewa a kanta, amfani yakan yi kyau ko ba taki. Sai a hankali yabanya ta fara ƙanƙancewa, ruwan sama ya riƙa kwararewa maimakon ya shige, zaizaya ta buɗe kwari a gefen gona. Kafin mai gona ya farga an yi nisa. Akwai mutanen da sana'arsu ita ce bin diddigin wannan sauyi da awo, kuma ina so matasa da iyayensu su san da ita.

Mu malaman gona 'yan aike ne. Duk shawarar da muka kai wa manomi, ko ta barin karmami a gona ce ko ta yin kunya a gicciyen gangare, wani ne ya shafe shekaru yana gwadawa kafin ta iso bakinmu. Inda ba a yi wannan gwaji ba, da ka muke magana.

Amurka ta ɗanɗana kuɗarta kafin ta ɗauki abin da muhimmanci. An kafce filayen ciyawa na tsakiyar ƙasar an shuka alkama, da fari ya zo a shekarun 1930 sai iska ta riƙa kwashe ƙasar saman tana rufe garuruwa da ƙura. A 1935 gwamnati ta kafa hukumar kiyaye ƙasar noma, ta damƙa ta ga Hugh Bennett, masanin ƙasa da ya daɗe yana gargaɗi. Yau matsalar ta duniya ce. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta bayyana a 2021 cewa faɗaɗa gonaki da wuraren kiwo ne ke haddasa kusan kashi 90 cikin ɗari na sare dazuka.

To, me mai binciken yake yi? Yakan sami daji da ba a taɓa ba, da gonar da aka share kusa da shi shekara biyar baya, da wadda ta kai ashirin. Ya haƙo ƙasa daga kowace, sau da yawa zuwa zurfin santimita 30, ya rubuta daidai inda ya ɗebo. A ɗakin gwaji a shanya ta, a tankaɗe, a auna tsaminta da sinadarin kabon da ruɓaɓɓen ganye ya bari, wanda shi ne ke riƙe danshi da ƙarfin ƙasa. Gonar da aka daɗe ana kafcewa kan rasa kaso mai yawa na wannan sinadari, wani lokaci kusan rabi, ya tashi ya shiga iska ya ƙara ɗumamar yanayi. Wani mai binciken kuma ruwa yake bi, ya ga nawa ne na takin zamani ke gangarawa rafi. Wani kuwa ƙudan zuma da tsuntsaye yake ƙirgawa.

Akwai kuma masu aiki daga sama. Tun 1972 taurarin ɗan'adam na Landsat ke ɗaukar hoton doron ƙasa, kuma daga 2008 hotunan suka zama kyauta. Ɗalibi mai kwamfuta da intanet zai iya jera hotunan yanki ɗaya na shekara arba'in ya ga inda daji ya ja baya. Amma hoto ba ya faɗin dalili. Sai an je an zauna da dattawa an ji yaushe aka daina hutar da gona, wa ya sayar, wa ya yi ƙaura. A nan ɗan manomi ya fi kowa riba, domin ya san yadda ake tambaya, kuma ba sai an nuna masa bambancin jigawa da fadama ba.

Kada a ɗauka labarin ɓarna kaɗai ake ganowa. A kudancin Nijar, tun shekarun 1980 manoman Maraɗi da Damagaram suka riƙa barin tohon kututture yana girma a gonakinsu, musamman gawo, wanda ke zubar da ganye da damina. Duniya ba ta san girman aikin ba sai da masu bincike Gray Tappan da Chris Reij da abokan aikinsu suka kwatanta tsofaffin hotunan jirgi da sabbin na tauraro, suka taras an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5.

Mai sha'awa ya riƙe lissafi da kimiyyar sinadarai da ta halittu tun daga sakandare. A jami'a akwai kimiyyar ƙasa, gandun daji, labarin ƙasa da kimiyyar muhalli. Jagorantar bincike na buƙatar digiri na biyu ko na uku, amma masu difiloma ne ke riƙe da ɗakunan gwaji da aikin fili, kuma 'yan mata ba a bar su a baya ba. Ana samun aiki a jami'o'i da ma'aikatun gona da cibiyoyin binciken noma irin su IITA ta Ibadan da ICRISAT mai hedikwata a Indiya.

Sai dai mai gaggawar kuɗi ya nemi wata hanya. Tallafin bincike nemansa ake yi, yakan yanke, kuma ƙasa ba ta ba da amsa da wuri. A cibiyar binciken noma ta Rothamsted da ke Ingila an fara gwajin alkama a fili ɗaya a 1843, har yau ana shuka shi ana aunawa, kuma ƙasar da magabata suka ɗiba suka adana tana nan ana gwada ta da na'urorin da ba su taɓa gani ba.