Jirgin ƙasa da dakon tsakuwa: tambayoyi da amsoshi

Me ya sa ake ɗora tsakuwa a jirgin ƙasa alhali ga tifa?

Saboda tsakuwa kaya ce mai araha amma mai nauyin gaske. A wurin fasa dutse kuɗinta kaɗan ne. Dako ne ke sa ta tsada. Idan tifa ta yi nisa da ita, kuɗin mai da taya da direba sai ya kai ko ya zarce kuɗin tsakuwar kanta. Shi kuwa jirgi ƙarfe ne ke gangarawa a kan ƙarfe, gogayyar ba ta da yawa, don haka man da yake sha a kan kowane tan ya gaza na mota nesa ba kusa ba. Babban tarago ɗaya kan ɗauki kusan tan 100, wato lodin tifa uku zuwa huɗu. Jirgi mai tarago 40 ya ɗauke wa titi manyan motoci sama da 100 ke nan, tare da ramukan da za su bari a kwalta.

To ashe jirgi ya fi a kowane hali?

A'a. Idan wurin aikin yana kusa da wurin fasa dutsen, tifa ta fi, domin ita za ta kai kaya har bakin aiki. Jirgi iyakarsa inda dogo ya tsaya, daga nan kuma dole a sake lodi a mota, kuma kowane sauke da ɗauka kuɗi ne. Ga shi taragon yakan koma fanko. Sai an sami nisa, da yawan kaya, da mai saye na dindindin kamar masu haɗa kankare ko kwalta, sannan lissafin ke fita.

Me ya haɗa wannan sana'a da ƙananan layukan dogo na yanki?

Manyan kamfanonin jirgi sun fi son kaya mai tafiyar dubban kilomita. Tsakuwa ba ta irin wannan tafiya, don dutse ba abin wahalar samu ba ne, yawanci daga wani tsauni ne zuwa birnin da ke kusa. Ƙaramin layi, wato ƙaramin kamfanin jirgi mai aiki a yanki ɗaya, shi ke da lokacin shiga har cikin wurin fasa dutse, ya jira a yi lodi, ya dawo gobe. Akwai layukan da, ba don wannan dakon ba, da tuni ciyawa ta rufe su.

Matsalarsu ita ce nauyi. A Arewacin Amurka babban tarago da kayansa yakan kai kusan tan 130, tsofaffin gadoji da siraran karafan wasu ƙananan layuka kuwa ba don wannan aka yi su ba. Sai dai a rage lodi ko a rage gudu.

Me ya sa taragon tsakuwa ya fi na hatsi gajarta?

Mita ɗaya tsawo, faɗi da zurfi na tsakuwa ya haura tan ɗaya da rabi, kusan ninki biyu na alkama. Tarago zai kai iyakar nauyinsa tun bai cika ba, don haka dogon tarago asarar ƙarfe ce. Shi ya sa wanda ya leƙa ya ga kaya bai kai baki ba kada ya ce an yi ƙwauro.

Yaya ake saukewa?

Yawancin taragon a buɗe yake ta sama, cikinsa a gangare kamar mazurari, da ƙofofi a ƙasa. Ana buɗewa kayan su zube cikin rami, bel ya kwashe zuwa tsibi. Mai shimfiɗaɗɗen ciki kuwa sai an sa injin kwasa.

Tsakuwar da ke ƙarƙashin dogon fa, iri ɗaya ce?

Ba lallai ba. Waccan fasasshen dutse ce mai ƙarfi da kaifin gefe, don ƙwayoyin su sarƙe da juna su riƙe katako ko kankaren da dogo ke kai, ruwan sama kuma ya wuce ta tsakaninsu. Tsakuwar kogi mai santsi zamewa take yi, ba ta yin wannan aikin.

Akwai haɗari ga masu tsallaka layi?

Sosai. Jirgi mai dubban tan, idan yana gudu, yakan ci fiye da kilomita ɗaya bayan an kama birki kafin ya tsaya. Kuma girmansa na ruɗin ido: daga nesa sai a ga kamar rarrafe yake yi, alhali ya kusa.