Kare 'Yan Tsaki da Ƙananan Kaji daga Zafi

Kare ƙananan kaji daga zafi wani ɓangare ne na kiwon kaji a gida. Ya ƙunshi duk dabarun da ake bi don kada zafin yanayi ya galabaitar da kaza tun daga ƙyanƙyasa har ta isa yin ƙwai, wato wajen mako 18 zuwa 22. Abin da ya sa lamarin yake da wuyar sha'ani shi ne ɗan tsako yana fara rayuwa ne da buƙatar ɗumi sosai, amma cikin 'yan makonni wannan ɗumin da ya raya shi zai iya zama ajalinsa. Da yawa daga cikin 'yan tsakin da ke mutuwa a lokacin zafi, kulawa ce ta yi musu yawa: an kunna musu fitila, an toshe ko'ina don tsoron sanyi, alhali kuwa ɗakin ya riga ya ɗau zafi.

Yadda jikin kaza yake fitar da zafi

Zafin jikin lafiyayyar kaza yana tsakanin digiri 40.6 da 41.7 a ma'aunin Selshiyas, ya fi na ɗan Adam da kusan digiri 4. Kaza ba ta zufa, ga kuma gashi ya lulluɓe ta. Idan yanayi yana da sauƙi, zafi yana fita ne ta wuraren da ba gashi: zanko, da jan naman da ke rataye ƙarƙashin baki, da ƙafafu, da ƙasan fikafikai. Jini yana ƙara kwarara zuwa waɗannan wurare, iska ta kwashe zafin. Shi ya sa ake ganin kaza ta saki fikafikai ta ɗage su daga jiki, ko ta tone ƙasa mai sanyi ta kwanta ta manna ƙirji.

Wannan hanya tana aiki ne muddin iskar wurin ta fi jikin kazar sanyi sosai. Kazar da gashinta ya cika ta fi jin daɗi tsakanin digiri 18 da 24. Da zafi ya doshi 30 sai ta koma haki, baki buɗe, maƙogwaro yana kaɗawa. Ruwan da ke cikin hanyar numfashi ne ke tashi ya tafi da zafin. Numfashin da a hutu bai wuce sau 20 zuwa 30 a minti ba yana iya haura 200. Idan zafin waje ya wuce 35 kuma ba mafaka, mutuwa ta zo kusa.

Haki ba kyauta ba ne. Yana cinye ruwan jiki, kuma motsin kansa yana haifar da wani zafin. Bayan haka, saurin numfashi yana fitar da iskar kabon fiye da kima, sai ma'aunin tsamin jini ya jirkice, jiki ya riƙa zubar da gishirinsa irin su fotashiyam. A kajin ƙwai wannan ne ke sa ɓawo ya yi laushi, a ƙanana kuwa girma ne ke tsayawa. Sannan haki ba ya amfani sosai idan iska ta cika da laima, domin ruwan ba ya samun tashi. Saboda haka digiri 32 a ranar da ake gumi ya fi digiri 36 a busasshiyar iska haɗari.

Makonnin farko: ɗumi da iyakarsa

A kwanaki 10 zuwa 14 na farko ɗan tsako bai iya daidaita zafin jikinsa da kyau ba, duk yadda wuri yake haka jikinsa zai bi. A makon farko ana so ƙasan wurin renon ya kasance digiri 32 zuwa 35, sannan a riƙa rage kimanin digiri 3 duk mako, har gashi ya cika a mako na 5 ko na 6. Wannan lissafi yana nuna abin da masu kiwo kan manta: idan zafin ɗaki da rana ya kai 33, 'yan tsakin mako 2 ba su da buƙatar fitila ko garwashi sam a wannan lokaci. Sai a kashe da hantsi, a kunna da dare idan sanyi ya sauko.

Ƙa'idar da ta fi kowace muhimmanci ita ce a ba su zaɓi. A ajiye abin ɗumi a gefe ɗaya, ɗaya gefen a bar shi da sanyi, ruwan sha kuma ya zauna a gefen sanyin. Uwar kaza haka take yi, tsakonta ya shiga ƙarƙashinta ya ji ɗumi, ya fito ya yi kiwo. Ƙaramin kwali ko robar da fitila ta mamaye dukkanta tarko ne, domin ba inda tsako zai gudu.

Ma'aunin zafi yana da amfani, amma 'yan tsakin su ne suka fi faɗin gaskiya. In sun cure a ƙarƙashin fitila suna kuka da ƙarfi, sanyi suke ji. In sun watsu ko'ina, wasu na tsattsagar abinci, wasu na barci, ana jin 'yar ƙaramar ƙararsu, lafiya lau. In kuwa sun manne da bango nesa da fitila, baki buɗe, fikafikai a sake, ga shiru, to zafi ya yi yawa kuma ba a jira. Wata alamar da ake yawan gani ita ce kashi ya bushe ya toshe duburar tsako. Ana jiƙa wurin da ruwa mai ɗumi a cire a hankali, amma in ba a gyara zafin ba zai dawo.

Ruwa, inuwa da iska

Kaza tana shan ruwa kusan ninki 2 na nauyin abincin da take ci, a tsananin zafi kuma sha yana iya ninkawa ko fiye. Ba ta son ruwa mai zafi, takan ƙaurace masa ko da ƙishirwa na damunta. Don haka mazubin ruwa ya zauna a inuwa, a canja ruwan da tsakar rana, a jefa ƙanƙara in da hali. Mazubi ɗaya bai isa ba, domin masu ƙarfi kan tare wurin su hana raunana. Ga 'yan tsaki ƙanana, a yi amfani da mazubi marar zurfi a zuba tsakuwa a ciki, saboda tsakon da zafi ya gajiyar yana iya faɗawa ya nutse a ruwan da bai kai tsawon yatsa ba. Ana sayar da garin gishirin jiki da bitamin na kaji da ake zubawa a ruwa a ranakun zafi. Yana taimakawa idan an bi awon da ke jikin leda, kuma a ajiye zallan ruwa a gefe.

Inuwa tana tafiya da rana. Akurkin da ke cikin inuwa da safe yana iya kasancewa a tsakiyar rana da azahar, sai mai kiwo ya duba wurin a sa'o'i dabam-dabam kafin ya kafa shi. Rufin kwano yana ɗaukar zafi ya sauke shi a kan kajin. Shafa masa farin fenti, ko shimfiɗa ciyawa ko buhu a kansa, ko ɗaga shi sama, duk suna ragewa. Akan shimfiɗa tsawon ɗakin daga gabas zuwa yamma don kada rana ta shiga ta gefe. Iska mai zafi sama take yi, saboda haka a bar mata mafita kusa da rufi, gefuna kuma a sa ragar waya mai ƙananan idanu wadda za ta bar iska ta ratsa ta kuma tare ɓera da maciji. Fanka tana taimakon kajin da suka yi gashi, amma kada a saita ta kai tsaye a kan 'yan tsaki masu 'yan kwanaki.

Cunkoso shi kansa wuta ne, domin kowace kaza tana fitar da nata zafin. Wurin da ya ishe su a makon farko ya yi musu kaɗan a mako na 4.

Yayyafa ruwa a ƙasa ko a rufi yana sanyaya wuri idan iska a bushe take. A cikin laima ƙara damuwa yake yi. Ko ma yaya ne, kada shimfiɗar ɗaki ta jiƙe, domin jiƙaƙƙen garin katako yana tayar da warin amoniya, yana kuma raya ƙwayoyin cutar da ke sa ƙananan kaji kashin jini. Gara a ware musu wani lungu mai inuwa a waje, a ɗan jiƙa ƙasarsa su yi birgima.

Narkar da abinci yana haifar da zafi a jiki. Kajin da suka wuce mako 3 gara su ci yawancin abincinsu da sassafe da kuma bayan rana ta yi sanyi. 'Yan kwanaki kuwa ba a janye musu abinci. Rigakafi, kamu da ɗauka zuwa wani wuri duk a bar su sai da sanyin safiya ko maraice.

Bambancin iri

Kajin nama masu saurin girma su ne zafi ya fi yi wa illa, musamman daga mako na 4 lokacin da suka yi nauyi. Masu jiki da yawan gashi irin su Brahma, Cochin da Orpington su ma suna wahala. Marasa nauyi masu babban zanko, kamar Leghorn mai asali daga Italiya da Fayoumi ta Masar, sun fi juriya, haka ma kajin da wuyansu ba gashi.

Idan zafi ya riga ya kayar da kaza

Alamomin su ne tangaɗi, kwanciya a gefe, lumshe ido, zanko ya koɗe. A ɗauke ta nan take zuwa wuri mai sanyi da iska. Mai gashi ana iya tsoma ƙafafunta da ƙasan jikinta a ruwa mai sanyi kaɗan, ban da ruwan ƙanƙara, kuma kada kai ya nutse. Ƙaramin tsako ba a jiƙa shi, domin lallausan gashinsa in ya jiƙe sanyi ne zai kama shi. Ƙafafunsa kawai ake jiƙawa, a tsoma bakinsa a ruwa a bar shi ya haɗiye da kansa, ba a yi masa ɗura don kada ruwan ya bi hanyar numfashi. Wadda ta farfaɗo a keɓe ta a inuwa har washegari. Idan kaji suna ci gaba da haki ko mutuwa bayan gari ya yi sanyi, a nemi likitan dabbobi, domin wasu cututtukan numfashi suna kama da bugun zafi.