Fargabar gobe: amsoshin tambayoyin da ake ta maimaita mini

Tambayoyin nan sun sha zuwa mini har na gaji da amsa su ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa na tattara su wuri guda.

Shin tunanin gobe laifi ne?

A'a. Tanadi yana ƙarewa da wani aiki da za ka tashi ka yi, fargaba kuwa zagaye take yi ta dawo inda ta fara. Duba wanne ne naka.

Me ya sa barci yake ƙaurace mini idan na fara wannan tunani?

Domin jiki ba ya cika bambance haɗarin da ke gabansa da wanda kake hasashe a ranka. Yana sakin sinadaran adirenalin da kotisol, zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya yi sama. Baligi yana buƙatar barcin awa 7 zuwa 9, kai kuwa ƙarfe biyun dare kana kwance, hasken waya a fuskarka, kana lissafin abin da zai same ka bayan shekara biyar. Ajiye wayar nan, ɗan'uwa.

Ni kaɗai ce nake fama da haka?

Ba ke kaɗai ba ce, 'yar'uwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 301 ne ke fama da cututtukan fargaba, kuma ana samun sauƙinsu.

Ina jin tsoron aikina zai ƙare. In bar shi tun yanzu in nemi wani, ko in jira?

Wannan ba ta da amsa guda, kuma duk wanda ya yanke maka hukunci bai san halin gidanka ba, ka yi hattara da shi. Da farko ka tambayi kanka daga ina tsoron ya fito. Idan an fara jinkirta albashi, ko an sallami abokan aikinka, to akwai hujja, kuma ya kamata ka fara nema a hankali kana nan kan aikin, domin mai aiki a hannu ya fi samun damar zaɓa. Idan kuwa babu wata alama sai raɗe-raɗi, mai yiwuwa barin aikin ba zai raba ka da tsoron ba, zai bi ka sabon wurin ne kawai. Amma ko nan akwai togiya: wani aikin shi ne yake cinye lafiyar mutum, yana hana shi ganin 'ya'yansa a farke, kuma irin wannan ba na cewa a daure masa har abada. Sannan nauyin da ke wuyanka yana canza lissafin, mai ciyar da mutum shida ba daidai yake da wanda kansa kaɗai yake riƙe da shi ba. Abin da na fi ba da shawara shi ne ka ware minti 20 kullum, a lokaci ɗaya, ka rubuta abin da ke damunka da matakin da za ka iya ɗauka, ka rufe littafin. Bayan mako biyu ka karanta, sau da yawa takardar takan nuna maka ko hujja ce ko fargaba.

Ai tawakkali ya isa?

Tawakkali yana tafiya ne tare da aiki, kuma bai hana mara lafiya neman magani ba.

Yaushe zan ga likita?

Idan fargabar ta riƙe ka yawancin kwanaki har kusan wata 6, ko ta hana ka aiki da barci, ka je. Idan kuwa tunanin cutar da kanka ya fara zuwa maka, kada ka jira ko kwana ɗaya, ka faɗa wa wanda ka amince da shi yau, ya raka ka asibiti.