Gilashi mai tozo da mai kwarmi: ga amsoshin, a bar ni in huta

Tambayoyin ba sa canzawa, masu yin su ne kawai ke canzawa. Na tara su wuri guda don bakina ya gaji da maimaitawa.

Wanne ne konbeks, wanne ne konkeb? Kullum sai na rikita su.

Shafa da yatsa. In tsakiya ta fi gefe kauri, mai tozo ne, shi ne konbeks, aikinsa tara haske. In tsakiya ta lotsa, gefe ya fi ta kauri, mai kwarmi ne, konkeb, aikinsa watsa haske. Shi ke nan.

Me ke sa haske ya karkace in ya shiga gilashi?

Gudunsa ne ke raguwa. A cikin iska yana cin kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya, a cikin gilashi kuwa wajen 200,000. Ka ɗauka mota ce ta sauka daga kwalta ta faɗa yashi a kaikaice: tayar da ta fara taka yashi ta rage gudu, ɗayar tana nan da ƙarfinta, dole kan motar ya juya. In ta shiga a miƙe, tayoyin biyu tare za su rage gudu, ba juyawa. Shi ya sa hasken da ya bi ta cibiyar gilashin ke wucewa abinsa, na gefe ne ke lanƙwasa. Cokalin da kake gani kamar ya karye a kofin ruwa, duk maganar ɗaya ce. Masanin lissafi Ibn Sahl ya rubuta ƙa'idar wannan karkacewa a Bagadaza a shekarar 984, wani masani, Snell na ƙasar Holan, ya sake gano ta a 1621, kuma sunan Snell ne ya bi ta.

Mai tozo yana ƙara haske ne, tunda yana ƙona takarda?

Ba ya ƙara komai. Hasken ranar da ya sauka a faɗin gilashin duka yake tattarawa ya zuba a ɗigo ɗaya. Kuma don Allah, wanda ya ga takarda ta yi hayaƙi ya ce bari ya leƙa rana ta cikinsa, idonsa zai yi wa abin da ya yi wa takardar. Ku daina bar wa yara shi a tsakar rana.

Mene ne +2.00 da -2.00 da ake rubutawa a takardar tabarau?

Ƙarfin gilashin ne, sunan ma'aunin diyofta. Alamar tarawa ta mai tozo ce, ta ɗebewa ta mai kwarmi. Raba mita 1 da lambar, ka sami nisan da mai tozo ke tara haske: +2.00 santimita 50, +4.00 santimita 25.

Na tsinci tsohon tabarau ba takarda. Zan iya gane irinsa da ƙarfinsa a gida?

Irinsa dai za ka iya, galibi. Ƙarfinsa kuwa sai dai kintace. Da farko ka manta da kallon fuskar gilashin, domin kusan duk tabarau a gantsare suke ta waje, a lotse ta ciki don su zauna a fuska, kallo kaɗai zai yaudare ka. Riƙe shi kamar tsawon yatsa daga idonka, ka dubi wani miƙaƙƙen abu mai nisa, misali gefen ƙofa, ka riƙa matsar da gilashin dama da hagu a hankali. In ƙofar ta bi hannunka, mai kwarmi ne. In ta yi gaba da hannunka, kai dama ita hagu, mai tozo ne. Amma ka lura, mai tozo mai ƙarfi in ka nisanta shi da ido fiye da inda yake tara haske, hoton zai kife, ya kuma koma bin hannunka, sai ka yi masa shaidar zur. Don haka na ce kusa da ido.

In mai tozo ne, tsaya a ɗaki ka fuskantar da shi taga, ka matsa da shi gaba da baya har hoton abin da ke can waje ya fito tsaf a jikin bango, a kife. Auna daga gilashin zuwa bangon. In ka sami santimita 40, to wajen +2.50 ne. Wajen, na ce. In abin da ka auna da shi bai yi nisa sosai ba, lissafin zai zame. Mai kwarmi kuma ba ya jefa hoto a bango ko za ka kwana kana gwadawa, wannan dabara ba ta ci a kansa.

Saura biyu. Juya gilashin kamar sitiyari kana kallon gefen ƙofar: in layin ya karkata yana buɗewa kamar almakashi, an yi shi ne don idon da gabansa bai daidaita ba, ƙarfinsa ba ɗaya ba ne ta kowace fuska. Akwai kuma wanda samansa na hangen nesa ne, ƙasansa na karatu. Waɗannan biyun sai na'urar masu auna ido. Ko ka gane lambar ma, ba ta gaya maka ko ta dace da idonka ba, kuma sau da yawa idon dama da na hagu ba lambarsu ɗaya ba.

Na haura 40, sai na miƙa hannu nesa nake iya karanta saƙo a waya. Makanta ce?

Kwantar da hankalinka. A cikin idonka akwai ɗan gilashi na halitta mai tozo, wanda ke ƙara kumbura in za ka dubi abu na kusa. Da shekaru yakan yi tauri, sai tabarau mai tozo ya cike giɓin. Kusan kowa sai ya je nan. Ka je a auna ka dai, kada ka ari na maƙwabci.

Ni kuma na nesa ne ba na gani.

Idonka yana tara haske tun kafin ya isa bangon bayan ido. Mai kwarmi zai ɗan watsa shi tukuna, ya sauka daidai. Lambarka da alamar ɗebewa za ta zo.

In mai tozo yana kifar da hoto, me ya sa ba ma ganin duniya a kife?

A kife take sauka a bayan idonka. Ƙwaƙwalwa ce ta saba karanta ta a haka.