Ma'anar folimofizim: magani ɗaya, siffa fiye da ɗaya

Duk matar da ta taɓa narkar da man kaɗe a unguwar Aboabo ko Asawase ta Kumasi ta san cewa idan aka bar shi ya daskare a hankali yakan yi tsaki-tsaki, idan kuwa aka sanyaya shi da sauri ana juyawa sai ya fito sumul. Man dai shi ne, yadda ƙananan ƙwayoyinsa suka jeru ne ya bambanta. Irin wannan hali ne masu karatun haɗa magunguna, kamar ɗaliban jami'ar KNUST a nan Kumasi, suke kira folimofizim, wato sinadari ɗaya ya daskare ya zama kiristal (daskararren abu mai ƙananan ƙwayoyi jere bisa tsari, kamar gishiri) mai siffa biyu ko fiye.

Kiristal yana farawa ne daga ɗan ƙaramin iri a cikin ruwan da aka narkar da sinadarin, sannan sauran ƙwayoyi su riƙa manne masa suna bin tsarinsa. Zafi, da irin ruwan, da saurin sanyayawa, har ma da ɗan gurɓi kaɗan, duk suna iya sauya siffar da za ta fito. Man koko ma siffa shida gare shi, kuma ta biyar ce masu yin cakulan suke nema.

A magani kuwa lamarin ya shafi rai, domin siffar da ta fi zama daram ita ce ta fi wuyar narkewa, kuma abin da bai narke a ciki ba jini ba ya ɗaukarsa. Wannan ne ya faru da ritonavir, maganin ƙanjamau da kamfanin Abbott na Amurka ya fitar a 1996. A 1998 wata siffa ta biyu da ba a taɓa gani ba ta ɓullo a masana'anta, kuma da ta bazu sai ta farko ta ƙi samuwa, har aka dakatar da kafson, marasa lafiya suka koma shan na ruwa kafin a fitar da sabon haɗi a 1999.

A ganina wannan ya isa ya sa mu daina raina rubutun nan na jikin kwali da ke cewa a ajiye a wuri mai sanyi marar danshi. Zafi da laima irin na Kumasi suna iya sauya kiristal na wasu magunguna alhali ƙwayar maganin tana nan da kamanninta, kuma mai saye a kan tebur cikin zafin rana a kasuwar Kejetia ba shi da hanyar ganewa da ido.