Tramol ya shigo gidajen masu bi, mu daina ɓoyewa

Ƴan'uwa masu bi na Damagaram, aikina duba marasa lafiya ne, ranar Lahadi kuma benci ɗaya muke zama a majami'a. Ƙwayar da ke cin samari daga unguwar Birni har Zango ta shigo gidajenmu. Da yake mu kaɗan ne a garin nan, kowa ya san kowa, sai uwa ta rufe bakinta don kada a ce ɗan dattijon ikilisiya ya zama ɗan ƙwaya. Wannan shirun ne ke sa a kawo mana yara bayan abu ya yi nisa.

Yawancinsu neman ƙarfin aiki ya kai su. Ɗan kabu-kabu yana son ya wuni a kan babur bai gaji ba, abokinsa na fada, wato majalisar hirar samari, ya miƙa masa guda. Tramol maganin ciwo ne na gaske, amma wanda likita ke bayarwa miligiram 50 ne, kuma ba a wuce 400 a rana ko ga babban mutum. Na hannun masu talla akwai mai 225, har 250. Guda biyu kawai an ƙetare iyaka. Daga nan sai jijjiga irin ta farfaɗiya, a ce iska ce ta taɓa shi, alhali ƙwaya ce.

Manzo Bulus ya faɗa a Romawa sura 7 cewa nagarin abin da yake so ba shi yake yi ba, mugun da ba ya so shi yake yi. Duk wanda ya zauna da mai shan ƙwaya ya ji wannan kukan: "Mama, ina so in bari, na kasa." Gaskiya yake faɗi. Jikinsa ya saba, niyya kaɗai ba ta isa. A nan alherin Allah yake samunsa. Tun muna masu zunubi Almasihu ya mutu dominmu, bai jira mu gyaru ba. To, don me za mu ce wa yaro sai ya daina kafin ya dawo sujada? Raina yana ɓaci idan na ga an kore shi daga zumuntar matasa, domin ƴan fada ba za su kore shi ba.

Sai dai, Baba Fasto, iyayena mata na zumunta, ku saurare ni a nan. Bayan daren addu'a, kada a zubar da ƙwayoyin a ce daga yau an gama. Wanda ya daɗe yana shan tramol, in ya tsaya lokaci guda, gumi da zawo da ciwon gaɓoɓi da rashin barci za su kama shi kwanaki, da yawa a nan suke komawa, su ɗauka Allah ya yashe su. Mai shan diyazefam (ƙwayar sa barci) ko giya kullum, tsayawa farat ɗaya na iya jawo masa jijjigar da ke kisa. Ma'aikacin lafiya ne zai rage masa sannu a hankali, in abin ya fi ƙarfinmu mu tura shi babban asibitin Zinder. Luka da ya rubuta Bishara likita ne. Zuwa asibiti ba ƙarancin bangaskiya ba ne. Mari da bulala kuwa ba su taɓa cire ƙwaya daga jini ba.

A samu ɗan'uwa guda da zai riƙa raka shi likita, ya yi addu'a da shi, ya riƙe masa kuɗin cinikinsa na ɗan lokaci. In ya sake faɗuwa, a tashe shi. Bitrus ya yi musun Ubangiji sau uku, aka kuma danƙa masa kiwon tumaki.

In jijjiga ta kama shi a gida, a kwantar da shi ta gefe, kada a sa masa cokali ko ruwa a baki. In ta wuce minti 5, ko numfashinsa ya yi ƙasa, a garzaya da shi asibiti tare da kwalin abin da ya sha.